Malamin Hausa da Na'urorin Zamani

Malaman da ke koyar da Hausa a sakandare da kwalejojin ilimi ba bakinsu ɗaya ba game da waya da kwamfuta. Wasu na ganin su ne suka lalata rubutun ɗalibai, kuma suna da hujja: a WhatsApp da Facebook yara sun saba zubar da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, suna haɗe kalmomin da ƙa'ida ta ce a raba, sannan su kwaso wannan ɗabi'a zuwa takardar jarrabawa. Wasu kuwa kunya ce ke hana su, kada ɗalibi ya gane ya fi malaminsa iya latsa waya.

Amma na'urar ta riga ta shigo aji. Google Translate ya fara fassara Hausa a 2013, ɗalibai na kwafo fassararsa su miƙa a matsayin aikin gida. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Malamin da bai san yadda fassarar inji take tuntuɓe da karin magana ba, da wuya ya kama mai kwafe.

Babban laifin yana ga irin bitar da ake shirya wa malamai. Galibi ta kowa da kowa ce: a koya kunna kwamfuta da buɗe Word, a raba takardar shaida, a watse. Ba a taɓa darasin harshe ko kaɗan, to don me malami zai ɗauke ta da muhimmanci? Kamata ya yi a fara da sa allon rubutun Hausa na Gboard a wayarsa, aikin 'yan mintuna, ya ga haruffa masu lanƙwasa sun fito daidai. Daga nan sai ɗaukar murya, wadda ta fi komai amfani a nan, domin rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Malami zai iya naɗar Sakkwatanci daga bakin mai shi ya kunna wa 'yan ajinsa a Kano, abin da allo da alli ba za su taɓa yi ba. Ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 ma yana intanet.

Ɗakin kwamfuta na buƙatar lantarki, makarantu da yawa kuma ba su da shi. Horon da aka gina kan wayar da ke aljihun malami ya fi kusa da halin da ake ciki, muddin hukumomin ilimi suka ɗauki nauyin kuɗin data.