Jinjina ga Masu Ba Mu Dariya da Aljanu

A Tabanni da sauran ƙauyukan Birnin Gwari, inda dajin Kamuku ya daɗe yana tsorata matafiya, akwai gwanayen da suka iya mayar da tsoro abin raha: kakanni masu tatsuniya da dattawa masu hira. A bakinsu ake jin labarin mai kwaɗayin da ya je wurin boka neman dukiya, aljani ya gindaya masa sharaɗi, ya amince bai ji ƙarshen zancen ba. Ranar biya kuwa, ido ya raina fata. Yara su tuntsire da dariya, amma sun fahimci cewa ba a cin riba a cinikin Shaiɗan.

Wannan gwaninta ta shiga takarda tun 1934, sa'ad da Abubakar Imam, haifaffen Kagara, ya haɗa aljanu da shaƙiyancin Malam Zurƙe a littafinsa Ruwan Bagaja. Game da cinikin Shaiɗan kuwa, Jamusawa ma suna da labarin Faust, wanda ya jinginar da ransa ga Iblis.

Sannunku da ƙoƙari, iyayenmu. A lokacin da 'yan bindiga suka hana jama'a barci, kun ci gaba da koya wa yara tsoron Allah cikin nishaɗi. Allah Ya ƙara muku lafiya.