Dariyar 'Yan Kallo da Kirarin 'Yan Fashi

Masu karatunmu waɗanda suka taɓa zama a gidajen silima na Kano ko Kaduna ko Jos, a zamanin da a ke yayin fim ɗin kaboyi, sun san yadda abin ya kan kasance. Ga jarumi bisa doki, da malafa, da bindiga a ƙugu. Mugu ya yi ta tsula tsiyarsa tun farko, can wajen ƙarshe a harbe shi, 'yan kallo su ɗauki sowa, kowa ya kama hanyar gida. Ba mai tambayar wane ne mai gaskiya, don tun fitowar fari an riga an sani. To, yau muna so mu yi magana bisa wani fim na kaboyi da ya juya wannan tsari, ya mai da ɓarayi abin so, masu bin su da doka abin tsoro, ya kuwa yi aikin nan duka da ban dariya. Sunansa Butch Cassidy and the Sundance Kid, ya fito a Amurka cikin watan Satumba na 1969. William Goldman ya rubuta labarin, George Roy Hill ya shirya shi. Paul Newman da Robert Redford su ne 'yan fashin biyu, Katharine Ross kuwa ita ce Etta Place, budurwar ɗayansu.

Abin da ya jawo hankalinmu gare shi shi ne saɓanin da aka yi tsakanin masana da sauran jama'a. Kamfanin 20th Century Fox ya sayi labarin a kan dala 400,000, kuɗin da ba a saba ba marubuci ba a lokacin, sabo da haka tun bai fito ba aka zuba masa ido. Da ya fito sai manyan masu sharhi da yawa suka yatsine fuska. Pauline Kael ta mujallar New Yorker ta kushe shi ƙwarai. Roger Ebert na Shikago ya yaba farkonsa, amma ya ga tsakiyarsa ta yi tsawo, ƙarshensa kuma bai zauna ba. Jama'a ko a jikinsu. Wanda ya gani ya gaya wa ɗan'uwansa, wannan ya je ya komo ya gaya wa wani, har fim ɗin ya fi kowane fim na shekarar 1969 kawo kuɗi a Amurka, ya haura dala miliyan 100 bayan an sake nuna shi. A 1970 ya sami kyautar Oscar guda 4, a 1971 kuma ya kwashe kyautar BAFTA guda 9 a Ingila.

Sai dai shi kansa Hill dariyar nan ta ba shi tsoro. Sa'ad da aka gwada fim ɗin gaban 'yan kallo kafin a sake shi, ya ji suna dariya fiye da yadda ya ke so, sai ya koma ya rage waɗansu wuraren barkwanci. Ya san mutanen nan biyu mutuwa za su yi a ƙarshe, wanda kuwa ya sha dariya har ya kai ga hawaye ba lalle ba ne ya sami sauran hawayen da zai yi kuka da su.

To, me a ke yi wa dariyar? In mutum ya duba da kyau zai ga kusan kowace dariya a cikin fim ɗin daga wuri guda ta ke fitowa, watau inda kirari ya ci karo da gaskiya. Wani ƙato cikin ƙungiyar, Harvey Logan, ya zare wuƙa ya nemi ƙwace shugabanci. A fim ɗin kaboyi na gargajiya nan ne za a yi dambe har jini ya zuba. Butch kuwa sai ya tsaya wai a daidaita ƙa'idodin faɗa tukuna, ƙaton na cikin mamaki ya shure shi a inda ba a faɗa, faɗa ya ƙare. Sun tare jirgin ƙasa na kamfanin Union Pacific, suka sa nakiya don su fasa akwatin kuɗi, ashe ta yi yawa, tarago ya tarwatse, takardun kuɗi suka tashi sama kamar fara, gawurtattun 'yan fashi suka bi suna tsinta. Mafi shahara duka shi ne inda aka rutsa su a kan gaɓar dutse, kogi na can ƙasa. Sundance, wanda duk ƙasar ke tsoron bindigarsa, ya ƙi tsalle, da aka matsa masa ya faɗi cikin kunya cewa bai iya iyo ba. Butch ya fashe da dariya, don a ganinsa faɗuwar ma kaɗai ta isa ta kashe su.

Nan hikimar Goldman ta ke, nan kuma haɗarinta ya ke. Mai kallo ya kan ɗauka ana rushe almara ne a gabansa, ana nuna masa jarumawa tsirara, da tsoronsu da wautarsu. Alhali kuwa sabuwar almara a ke gina masa, wadda ta fi ta dā ƙarfi. Jarumin da ba ya kuskure sai dai a yi masa tafi daga nesa. Wanda ya ba ka dariya ya zama abokinka, aboki kuwa ba a cika tambayarsa inda ya samo kuɗin da ke aljihunsa ba.

Game da tsawon tsakiyar fim ɗin, mu muna bayan 'yan kallo. Bayan fashi na biyu wani jirgi ya iso, mahaya suka fito daga cikinsa a guje, waɗanda E. H. Harriman mai kamfanin ya yi hayarsu. Daga nan har tsawon lokaci ba abin da a ke yi sai gudu da bin sawu, dare da rana, kan dutse da cikin ruwa. Ba a taɓa nuna fuskar mahayan a kusa ba, sai ƙura da rana, sai 'yan fitilu da dare. 'Yan fashin suna ta tambayar juna ko su wane ne mutanen nan, tambayar ta fara kamar wasa, a hankali ta daina zama wasa. Da an gajarta wurin nan da ba a ji gajiyar ba, gajiyar kuwa ita ce maganar. Abin da ke bin su ba mutum ba ne da za a tsaya a yi fito-na-fito da shi. Kamfani ne, da banki mai sabon makulli, da waya mai kai labari kafin doki ya isa. Samarin Amurka na 1969, waɗanda hukuma ke kira da takarda zuwa yaƙin Biyetnam, ba su bukaci a fassara musu wannan ba.

Sa'an nan ga batun soyayya. Etta malamar makaranta ce a fim ɗin, budurwar Sundance, amma wurin da kowa ya fi tunawa shi ne inda Butch ya ɗauke ta bisa keke da sassafe, suna zagaya gona, ana rera waƙar da Burt Bacharach ya tsara, B. J. Thomas ya rera. Redford da kansa bai ga dacewar waƙar ba da farko, masu sharhi ma sun ce me ya haɗa waƙar zamani da zamanin doki. Jama'a suka saye ta har ta hau kan gaba a Amurka cikin Janairu na 1970. Mu dai a ganinmu Etta an zalunce ta kaɗan. Ƙaunar da fim ɗin ya damu da ita ita ce amincin da ke tsakanin mazan nan biyu, masu faɗa kullum kamar tsofaffin ma'aurata. Ita an ajiye ta ne ta zama mai hankali a cikin gidan da ba mai son hankali. Ta gaya musu tun farko za ta bi su ko'ina, amma ba za ta tsaya kallon mutuwarsu ba. Ranar da ta ce za ta koma gida, ba wanda ya roƙe ta ta zauna, don duk ukunsu sun san ma'anar tafiyar.

Fim ɗin ya buɗe da rubutu mai cewa mafi yawan abin da za a gani gaskiya ne. Wayo ne, don ba a ce duka ba. Mutanen kam an yi su. Sunan Butch na yanka Robert LeRoy Parker, an haife shi a Utah a 1866, laƙabin ya samo shi daga aikin fawa da ya taɓa yi. Sundance kuwa Harry Longabaugh ne, laƙabinsa sunan wani gari ne a Wyoming inda aka ɗaure shi sabo da satar doki. A 1901 suka bar Niyu Yok tare da Etta, amma ba Bolibiya suka nufa ba kamar yadda aka nuna. Ajantina suka tafi, suka zauna wajen shekara huɗu a Cholila suna kiwon shanu da tumaki. Goldman ya share wannan duka. Ba mu ga laifinsa ba ƙwarai, makiyayi mai zaman lafiya ba ya cika gidan silima.

Inda mu ke ganin laifi shi ne Bolibiya. Tun saukarsu an mai da ƙasar abin ba'a, tasha kango, aladu na yawo. Ana dariya suna fashin banki da 'yar takarda a hannu don ba su iya Sifaniyanci ba, ba mai tuna cewa kuɗin na waɗansu ne. Sau ɗaya tak fim ɗin ya hana dariya, inda suka tuba suka kama aikin gadin albashin ma'aikatan ma'adinai, ɓarayi suka kashe maigidansu, Butch ya faɗi cewa bai taɓa harbin mutum ba, sa'an nan suka harbe ɓarayin, aka nuna faɗuwarsu a hankali. Wurin nan ya yi kyau ƙwarai. Amma da aka zo ƙarshe sai aka manta da shi. 'Yan sandan Bolibiya suna ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya kamar kara, ba suna, ba fuska, 'yan kallo na jin daɗin iya harbin Sundance. Mutanen nan aikinsu su ke yi a garinsu, baƙi ne suka zo musu da sata.

Ga yadda abin ya auku a tarihi. Cikin Nuwamba na 1908 Amurkawa biyu suka ƙwace albashin ma'aikatan kamfanin Aramayo. Bayan 'yan kwanaki suka sauka a ƙauyen San Vicente, da alfadarin kamfanin a hannunsu. 'Yan sojoji kaɗan suka zo gidan da su ke, aka yi harbi, soja ɗaya ya mutu. Da gari ya waye aka tarar da baƙin a mace cikin ɗaki, alamu kuwa sun nuna ɗayan ne ya harbe ɗan'uwansa sa'an nan ya harbe kansa. Fim ɗin ya kawo runduna guda ta kewaye su. Su biyu, jina-jina, suna gardamar ko Ostiraliya za su nufa nan gaba, suka fito a guje da bindigogi. Sai hoto ya tsaya cik, ya koma launin tsohon hoto, ana jin ƙarar harbi sau uku, ba a ga faɗuwarsu ba. A shekarar nan ta 1969 Sam Peckinpah ya fitar da The Wild Bunch, wanda ya nuna irin wannan mutuwa da jininta duka. Jama'a sun fi zuwa kallon wanda ya rufe musu ido.

Abin mamaki, tarihi ma ya bar ƙofar a buɗe. Ƙanwar Butch, Lula Parker Betenson, ta fitar da littafi a 1975 tana cewa yayanta bai mutu a Bolibiya ba, ya komo gida Utah ya gaishe su a 1925. A 1991 masani Clyde Snow da abokan aikinsa suka je maƙabartar San Vicente, suka tone kabarin da mutanen gari ke nunawa, aka gwada ƙasusuwan da na dangin mutanen biyu. Ba su dace ba. Wanda aka samu a ciki wani Bajamushe ne mai haƙar ma'adinai.