Gwanintar Matafiyi a Kan Keke

Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato, mai tsawon sama da kilomita 200, ya san irin mutumin nan: shi kaɗai a gefen kwalta, buhu ɗaure a kariya, gorar ruwa na reto a gaba, yana taka feda ba gaggawa ba nawa. Na cikin mota kan ɗauka rashin kuɗin mota ne kawai ya hau da shi. Amma a ƙasar Dosara da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara, an san doguwar tafiya a kan keke gwaninta ce mai zaman kanta, kuma ba kowane mai ƙarfin ƙafa ne ya iya ta ba.

Gwani tun daren jiya yake soma tafiyarsa. Zai matsa taya da babban yatsa ya ji iskarta, ya ɗaga ƙafar keke ya juya ta ya ga ko ta karkace, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya gwada birki. Sai ya haɗa famfo, sholisho, sifana, guntun tsohon tiyub da robar ɗauri. Ɗaurin kaya ma ilimi ne: mai nauyi a ƙasa, hagu da dama daidai wa daida, domin kayan da ya rinjaya gefe guda wuni zai yi yana kokawa da hannun mai shi. Yawancin kekunan yankin, irin su Raleigh da Phoenix, ba su da giya, saboda haka duk wani hawa da gangara a cinyar mutum ake lissafa shi.

Babban sirrin shi ne rabon wuni. Da an sallame sallar Asuba ya kama hanya, don sanyin safiya shi ne jarinsa. Sabon shiga kan ji daɗin wannan sanyi ya yi ta tsere da kansa, kafin hantsi ya ƙare ƙafafu sun yi sanyi. Gwani kuwa taki ɗaya yake riƙewa, wanda zai iya magana a kansa ba tare da haki ba. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, yana so ya cinye fiye da rabin tafiyar ranar kafin rana ta take. Sai ya nemi inuwar tsamiya ko ta darbejiya, ya yi sallarsa ta kasaru, ya kishingiɗa har la'asar. Ba ya jiran ƙishi kafin ya kurɓi ruwa, ba ya kuma cika ciki. Fura kaɗan, hoce, ƙuli-ƙuli da dabino sun ishe shi. Ya san sannu ba ta hana zuwa.

Sai karatun hanya da iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa. Wanda ya tunkare ta zai ji kamar an ƙara masa buhun gero a baya, leɓe ya tsage, ido ya cika da ƙura. Ran da ya juyo kuwa ita ce za ta yi ta tura shi kyauta. A rairayi yakan rage wa taya iska kaɗan, ya mayar da nauyinsa baya, ya ƙi taɓa birki. In yashin ya yi zurfi ya sauka ya tura, bai ɗauki hakan kasawa ba. Da damina kuma, a fadamun da madatsar ruwan Bakolori ke shayarwa, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, laka kan toshe tsakanin taya da ƙarfe har ƙafar keke ta ƙi juyawa. Masu kai shinkafa da kayan lambu kasuwar Mafara ta ranar Talata sun san ganuwar da ta bushe da wadda za ta riƙe mutum. A kan kwalta kuwa kunne ne idon baya: daga ƙugin inji yake gane tirela ce, ya sauka gefe tun iskarta ba ta fizge shi ba.

Inda ake gane gwani sosai shi ne ran da ƙaya ta yi aikinta. Tsidau da ƙayar aduwa ba su san mai sauri ba. Babu mai faci a tsakiyar daji, sai shi da kansa. Zai kifa keken, ya ɓanɓare taya ba tare da ya tsinke tiyub ba, ya ba shi iska, ya kara kunne ko ya shafa ɗan ruwa ya nemi inda ke kumfa. Ya goge wurin har ya yi kaushi, ya shafa sholisho, sa'annan ya jira ya sha iska kafin ya liƙa facin, don mai gaggawa a nan sau biyu yake aiki. Kafin ya mayar, sai ya zagaya cikin taya da yatsa ya zaro ƙayar da ta jawo abin. Wanda ya manta wannan, gaba kaɗan zai sake zama.

Akwai kuma faman da ba a gani. Bayan kwana biyu sirdi ya fara ƙuna, gwiwa na tsami, ga kaɗaici, zuciya na raɗa masa ya tare mota. Maganinsa shi ne gutsura hanya: daga nan zuwa waccan kukar, daga kukar zuwa garin gaba, baki na zikiri. Sai kuma daɗi ya zo ba zato: doguwar gangara, ko dattijo a bakin rijiya ya ce, "Sannu da tahiya, ɗana, daga ina aka hito?" ya miƙo masa ruwa mai sanyi.

A Zamfara ta yau tambaya ta zama rabin guzuri. Saboda 'yan bindiga, mai hankali ba ya shiga hanyar da bai tambayi labarinta a garin baya ba, ba ya kuma bari magariba ta same shi a daji. In ya sauka, wurin maigari ko liman yake fara zuwa ya bayyana kansa. A Mayun 2023 kuma aka cire tallafin fetur. Hakan ya tuna wa mutane darajar abin hawan da ba ya shan mai.

Wannan ilimi ne ya kai wasu nesa ƙwarai. Aliyu Abdullahi Bala ya bar Jos a kan keke a 2021, ya isa Makka a ƙarshen 2022. Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini, ya taka kusan kilomita 4,000 a 2023 ta Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar har Chadi, aka tsare shi sau uku a hanya, kafin masu alheri su biya masa jirgi zuwa Alƙahira, inda Jami'ar Azhar ta karɓe shi. Duniya ta yaba musu, sun kuma cancanta. Sai dai rabon wuni, faci da tambayar hanya da suka dogara da su, su ne dai manomin Dosara yake aiki da su kowane mako ba tare da an ɗauke shi hoto ba.

Saboda haka, direba, in ka hango mai keke a gefen hanya, rage gudu ka ba shi fili. Kai kuma da ya tsaya a ƙofar gidanka, ba shi ruwa, ka gaya masa gaskiyar abin da ke gaba.