Sharhi a Kan Shirin "Mu Karanta!" da Yaron da Karatu Ke Yi wa Wuya

Daga cikin shirye-shiryen koyar da karatun Hausa da aka gudanar a 'yan shekarun baya, akwai "Mu Karanta!", wanda hukumar USAID ta Amurka ta tallafa wa a jihohin Bauchi da Sakkwato ƙarƙashin shirin NEI Plus da aka fara a 2015. An tanadi littattafai domin aji 1 zuwa 3 na firamare, aka kuma jawo iyaye da kwamitocin gudanar da makarantu cikin aikin. Wannan abin a yaba ne. Sai dai a ganinmu littafi ɗaya da darasi ɗaya ga aji guda ba za su wadatar da yaron da haruffa ke rikice wa ba.

Matsalar tana da tushe a cikin rubutun boko kansa. Yaron da ke kasa bambance b da d, a Hausa sai ya tarar da huɗu: b, d, ɓ, ɗ. Haka kuma ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti. Kalmar "gari" tana iya zama mazaunin mutane, tana iya zama abin tuƙa tuwo. "Kuka" kuwa ko itaciya ko zubar da hawaye. Mai saurin fahimta yakan gane daga jimla, amma wanda ke haɗa gaɓa da ƙyar, kafin ya kai ƙarshen jimlar ya manta farkonta.

Irin wannan yaro yana bukatar mai saurarensa shi kaɗai, kullum. Malamin da ajinsa ya cika maƙil ba zai iya ba. A nan ne ya kamata haɗin gwiwa da jama'a ya wuce kiran iyaye su tura 'ya'yansu makaranta. Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan hanya: almajiri yakan bi babbaƙu, sannan farfaru, kuma ba ya wanke allo sai malam ya ji ya biya daidai. Kowa da inda ya tsaya.

Tun da aka rufe USAID a 2025, nauyin ya koma kan jihohi da unguwanni. Shawararmu ita ce masana harshe su tsara darussan gaɓoɓi masu sauƙi, a horar da alarammomi da malaman Islamiyya da yayyen yara su riƙa sauraren karatu da yamma. Idan ba haka ba, yaron da ake kira daƙiƙi zai bar makaranta alhali ba basira ya rasa ba.