Shekara Bakwai a Tibet: Shaidar Baƙo da Nauyinta

Littafin da za mu duba yau wani Bature ne mutumin Austriya, Heinrich Harrer, ya rubuta shi, aka buga da Jamusanci a 1952. Ma'anar sunansa da Hausa ita ce Shekara Bakwai a Tibet.

Yaƙin duniya na biyu ya tarar da marubucin a Indiya, Turawan Ingila suka tsare shi. A 1944 ya gudu, ya yi ta keta duwatsu da ƙanƙara har ya isa Lhasa a farkon 1946. Can ya zauna har ya zama malamin Dalai Lama, watau shugaban ƙasar ta fuskar addini da mulki, wanda a sa'an nan yaro ne. A watan Oktoba na 1950 rundunar Sin ta 'yan Kwaminis ta auka wa Chamdo. Mutanen Tibet suka kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya, aka jingine maganar. A watan Mayu na 1951 aka sa wakilansu suka sa hannu a yarjejeniya mai sharuɗɗa 17, Sin ta haɗiye ƙasar.

Abin yabo ga littafin nan shi ne idon mai shi. Ya kwatanta shayin man shanu, da bukukuwan sabuwar shekara, da yaron sarki mai son sanin yadda injuna ke aiki, har mai karatu ya gane cewa ƙasar da aka ci mutane ne masu gidaje da dariya.

Amma fa an ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Harrer a gidajen manya ya ci tuwo, saboda haka talakawan da ke noma gonakin sarauta da na gidajen ibada kaɗan ya faɗa a kansu. Da wannan ɓaraka Sin ke kafa hujja. Mu dai ra'ayinmu, ɓarnar da ke cikin gida ba ta halatta wa maƙwabci ya ƙwace gidan.

Aibi na biyu ya fi girma. A 1997 aka tono cewa marubucin ya shiga rundunar SS ta Hitila a 1938, shekarar da Jamus ta haɗiye ƙasarsa Austriya. Mutumin da ya yi wa Tibet kuka, ashe ya sa rigar waɗanda suka yi wa tasa ƙasar irin wannan aiki, littafin kuwa bai ce uffan ba.

To, ku 'yan makaranta, ku nemi littafin nan ku karanta, gama abin da ya gani da idonsa yana da daraja. Sai dai kowane mai ba da shaida, ku tambayi inda ya tsaya sa'ad da ya gani, da abin da ya ɓoye game da kansa.