Daga Daɓe Zuwa Majigi: Tarken Rayuwar Wasan Taiwo Ajai-Lycett

Gabatarwa

Wasan daɓe da wasan majigi 'yan uwa ne, amma kowa da halinsa. A daɓe, ɗan wasa ne ke ɗaukar muryarsa ya kai ta ga mai kallon da ke kujerar ƙarshe. A majigi kuwa, na'urar ɗaukar hoto ce ke tattaki har gaban fuskarsa. A wannan ɗan tarke za mu dubi rayuwar wasan Taiwo Ajai-Lycett, wadda ta shafe fiye da shekara 50 tana kai da komo tsakanin waɗannan fagage biyu. Manufarmu ita ce mu nuna cewa daɓe ne ya gina ta, majigi kuma ya ci moriyar ginin ba tare da ya ba ta filin da ya yi daidai da gwanintarta ba.

Taƙaitaccen Tarihinta

An haife ta a Legas ranar 3 ga Fabrairu, 1941. Sunan Taiwo shi ne wanda Yarabawa ke raɗa wa tagwayen da ya fara zuwa duniya, kamar Hassana a wurinmu. Ta haihu tana da shekara 15, abin da ya katse mata karatu. Daga baya ta tafi Landan, inda ta yi aikin kai abinci a wani gidan shayi, tana karatun sakatariya, har ta samu aiki a hukumar gidan waya.

Shigarta wasa ta zo ne ba shiri. A 1966 ta je gidan wasa na Royal Court wajen wani ɗan wasa da ta sani, sai darakta William Gaskill ya gan ta, ya sa ta cikin wasan Wole Soyinka mai suna The Lion and the Jewel. Wata da ta samu dama irin wannan sai ta ɗauka ta iya ke nan. Ita kuwa sai ta koma ɗaliba, ta nemi horo a makarantar Guildhall ta kiɗa da wasan kwaikwayo. A ganinmu wannan mataki shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ta yi daga baya.

A shekarun 1970 ta fito a shirin barkwanci na talbijin ɗin BBC mai suna Some Mothers Do 'Ave 'Em, da fim ɗin Sidney Poitier na 1973, A Warm December. Ta kuma riƙe editar mujallar Africa Woman kafin ta dawo gida. A 2006 gwamnatin Nijeriya ta ba ta lambar girma ta OON.

Salon Wasanta

Abu biyu ne mai nazari zai fara lura da su. Na farko murya. Ajai-Lycett ba ta haɗiye ƙarshen kalma, tana kuma sarrafa numfashinta yadda doguwar jimla za ta fita ba tare da ta yanke a inda ma'ana ba ta yanke ba. Wannan tarbiyyar daɓe ce, inda ba a cewa a tsaya a sake. Na biyu natsuwa. Yawancin sababbin 'yan wasa sukan ɗauka motsi shi ne wasa, sai ka ga hannu na yawo, ido na rawa. Ita takan zauna cak, ta bar shiru ya yi aikinsa, sannan ta saki magana.

Alal misali, a King of Boys: The Return of the King na Kemi Adetiba, wanda aka nuna a Netflix a 2021, ta fito a matsayin Cif Misis Randle, uwar gwamna, wadda ta raina asalin matar ɗanta. Ba ta bukatar ɗaga murya kafin mai kallo ya gane wa ke da iko a gidan. Zaginta a lulluɓe yake cikin lafazi mai tsabta, shi ya sa yake da zafi. A nan horon daɓe da kusancin na'ura sun haɗu sun ba da ma'ana.

Inda Gizo Ke Saƙa

Amma tarke ba yabo kaɗai ba ne. Wannan lafazi da ya zama ƙarfinta, shi ne kuma ya zame mata shinge. Masu shirya fim sun saba kiran ta idan suna bukatar dattijuwa mai dukiya ko uwa mai tsare gida, kamar dai ba abin da ta iya sai wannan. Wani lokaci ma salon nata kan yi wa wasan nauyi, musamman idan abokan wasanta suna magana irin ta yau da kullum, sai a ji kamar daga gida biyu aka ɗauko su. Laifin a nan rabi nata ne, rabi na daraktan da ya kasa daidaita muryoyin 'yan wasansa.

Hujjarmu ta cewa an tauye ta ita ce wasan daɓe na Hear Word! na Ifeoma Fafunwa, wanda aka fara a Legas a 2014, aka kai shi Jami'ar Harvard ta Amurka a 2018, da bikin Edinburgh a 2019. Wasa ne na mata zalla, cikinsu har da Joke Silva, inda suke bayyana halin da matan Nijeriya ke ciki ta hanyar zance da waƙa da rawa. Macen da ta haura shekara 70 tana tsayawa a irin wannan dandamali dare bayan dare, ta nuna tana da abin da ya fi zaman kujerar falo da majigi ya keɓe mata.

Wani abin takaici shi ne, wasan daɓe da zarar an sauke labule ya tafi ke nan, sai abin da ya saura a zukatan 'yan kallo. Saboda haka na baya za su fi sanin ta ta fuskar majigi, wato ta fuskar da ta fi ƙunci.

Kammalawa

Mun ga yadda yarinyar da aka yanke wa ƙauna tun tana da shekara 15 ta zama uwa a fagen wasa, kuma mun ga ba sa'ar 1966 kaɗai ta kai ta ba, horon da ya biyo baya ne. Ga ɗalibanmu masu hawa dandamali a ƙarshen kowane zango, abin koyi a nan shi ne gyaran murya da iya shiru, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga manazarta kuwa, akwai aiki a gabanmu: mu riƙa rubuta abin da muka gani a daɓe tun bai gushe ba, don kada a wayi gari ana auna 'yan wasanmu mata da rabin aikinsu kawai.