Zagayen da Matuƙi ke Yi Kafin Ya Tashi

A ƙananan jirage irin Cessna 172, haɗari ya fi aukuwa wajen sauka: taya ta fashe, birki ya ƙi ci, jirgi ya zarce titi ya afka ciyawa. Wasu daga ciki tun kafin a tada inji ake toshe musu hanya. Shi ya sa a makarantun tuƙin jirgi, har da kwalejin Zariya da aka kafa a 1964, zagaya jirgi na cikin darussan farko.

Gwani ba ya wannan zagaye da ka. Takardar bincike na hannunsa, kuma kullum inda ya saba farawa nan yake farawa, don kada ya tsallake komai. Zai tsiyayo mai daga ƙasan fiffike cikin ɗan kofi garai-garai, ya ɗaga shi sama. Man jirgin, wato 100LL, shuɗi ne. In da ruwa a ciki, sai ya kwanta a gindin kofin, don ya fi mai nauyi. Ba ya yarda da allurar mai kaɗai, sai ya hau ya buɗe murfin tanki ya gani da idonsa. Ya durƙusa gaban taya, ya ɗan tura jirgin don ya ga ɓangaren da ke manne da ƙasa. Jan ɗigo a gefen tayar na nufin man birki na yoyo. Ya bi bakin farfela da yatsa, yana laluben inda tsakuwa ta ɓantare.

Sai ɗan bututun da ke auna gudu, wanda zanzaro kan cushe da laka in jirgi ya daɗe a ajiye. In ya toshe, matuƙi zai tunkari titi da cinta: ya rage gudu fiye da kima jirgi ya rikito, ya ƙara ya wuce wurin tsayawa. Toshewar irin wannan bututu ce ta jawo faɗuwar babban jirgin Birgenair a 1996, mutum 189 suka rasu, kuma masu bincike sun zargi zanzaro.

Inda ake gane cikakken gwani shi ne ranar da ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ga fasinja na duba agogo, amma ya kira makanike ya ce yau ba tashi.